Tsadar Fetur da Gas: Ko Rage Haraji Zai Sauko da Farashi?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon kan tsadar mai suke magana. Mun zaɓi biyar daga ciki, masu sharhinmu kan harkar makamashi da gyaran inji suka amsa.

Assalamu alaikum. Muna jin cewa a ƙasashen Turai gwamnati kan rage harajin mai idan farashi ya tashi. Me ya hana tamu yin haka? Abin da nake kaiwa gidan mai ya fi abin da nake kaiwa gida.
*Direban Keke Napep, Kano*

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo sauƙi. Gaskiya ne suna ragewa, amma kafin a rage abu sai an same shi da yawa, kuma a nan muka bambanta da su.

Ɗauki Birtaniya. Daga 2011 gwamnatinsu ta riƙa karɓar kwabo 57.95 na kuɗinsu a kan kowace lita, fetur ko gas (wato dizal). A watan Maris na 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashi, ta rage kwabo 5, ya koma 52.95. Bayan wannan akwai harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, wanda ake lissafawa a kan kuɗin man haɗe da harajin farko. Idan lita na kan fam 1.40, kusan kwabo 76 na gwamnati ne, wato fiye da rabi. Mai irin wannan kaso yana da inda zai yanka.

A Najeriya ba haka lamarin yake ba. Babu VAT a kan fetur. Gas ne a da ake cajin kashi 7.5 a kansa, shi ma an cire a watan Oktoban 2024. Abin da ya rage ƙananan kuɗaɗe ne: dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta ware rabin kashi ɗaya cikin ɗari na farashin sari ga hukumar NMDPRA mai kula da tacewa da rarraba mai, da wani rabin ga asusun gina hanyoyin iskar gas. Sai kuɗaɗen tashar jiragen ruwa da na hukumar kula da sufurin teku ta NIMASA a kan man da ya bi ta teku. Idan farashin sari naira 800 ne, kashi ɗayan nan naira 8 ke nan a lita. Ko yau aka soke shi, kai da ke shan lita takwas a yini naira 64 za ta rage maka, in har masu gidajen mai sun bar maka ita. Ba ta kai kuɗin fasinja ɗaya ba.

Abin da muke da shi a da kishiyar haraji ne, wato tallafi. A 2022 kaɗai kamfanin NNPC ya ce tallafin ya ci sama da naira tiriliyan huɗu. Don haka idan ka ji ɗan Najeriya na cewa a rage harajin fetur, a zahiri dawo da tallafi yake nema, kuma wannan wata muhawara ce daban.

Ko a can Turai ragin bai zama magani ba. Jamus ta rage harajin mai na wata uku, Yuni zuwa Agustan 2022, abin ya ci mata kusan yuro biliyan uku, aka yi ta gardama kan ko kamfanoni sun riƙe wani kaso. Ranar 1 ga Satumba farashi ya sake tashi. Kuma wanda ya fi cin moriyar irin wannan ragi shi ne mai babbar mota da ke cika tanki, ba mai tafiya a ƙasa ba.

To idan ba haraji ba ne, me ke tayar da farashin? Ba an ce matatar Dangote za ta kawo ƙarshen wannan wahala ba?
*Wata malamar makaranta, Zariya*

Malama, abu biyu ne ke jan ragamar: farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya da canjin dala. Bari mu yi lissafin a fili, domin da biro da takarda kowa zai iya.

Ana cinikin tataccen fetur a kasuwar duniya da tan. Tan ɗaya ya kai kusan lita 1,340. A ce tan na kan dala 700, misali kawai muka ɗauka. Raba 700 gida 1,340, lita ta tashi a kusan santi 52. Lokacin da dala ke naira 460 a hukumance, santi 52 ɗin nan naira 240 ce. Da dala ta kai naira 1,500, litar nan dai, ba tare da ta ƙara ko sisi a kasuwar duniya ba, ta zama naira 780. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na defo ba, ba a sa dakon tanka da ribar gidan mai ba. A wannan misali, duk naira 100 da dala ta ƙara, lita na ƙara kusan naira 52.

Abin da ya faru ke nan a 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a yawancin jihohin Arewa. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Duka biyu suka faɗo cikin makonni kaɗan, kuma na biyun ne ya ci gaba da cizo, har lita ta haura naira 1,000 a Abuja a Oktoban 2024.

Matatar Dangote da ke Lekki na iya tace ganga 650,000 a rana. Ta fara fitar da gas a farkon 2024, fetur kuma a Satumban shekarar. Ta rage dogaro da shigo da mai, ta kuma jawo gasa tsakanin dillalai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ɗanyen man da take saye da farashin duniya ake auna shi. Ko tsarin sayar mata da ɗanyen mai da naira, wanda aka fara a Oktoban 2024, bai sauya wannan ba: da dala ake lissafi, a juya shi zuwa naira a biya. Amfaninsa shi ne rage rububin neman dala. Wani ɓangare na ɗanyen man ma daga waje matatar ke sayowa, har daga Amurka, saboda wanda take samu a gida ba ya isarta. Abin da tacewa a gida ke cirewa shi ne kuɗin jigila daga Turai da inshora da makamantansu, ba kuɗin gangar ba.

An ce akwai sabon harajin kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da gas. Gaskiya ne? Kuma a ganinku ya dace?
*Mai injin niƙa, Funtuwa*

Akwai shi a rubuce, Alhaji. Yana cikin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsayar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Asalinsa ya girmi wannan doka: tun 2007 yake cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, ba a dai taɓa karɓarsa yadda ya kamata ba. Sabuwar dokar ta ce ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a hukumance ya sa rana. Ta kuma keɓe kananzir da gas ɗin girki da iskar gas ta motoci, wato CNG. A Satumban 2025 ministan kuɗi Wale Edun ya ce babu shirin fara karɓarsa nan kusa.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Lita ta naira 900 za ta ƙara 45. Injin niƙa mai shan lita 20 ta gas a yini, idan lita na naira 1,000, zai ƙara cin naira 1,000 kullum, wadda a ƙarshe mai kawo niƙan masara ce za ta biya.

Ra'ayinmu shi ne kada a taɓa shi yanzu. Hujjar masu goyon bayansa ba ta banza ba ce: ƙasashe da yawa da harajin mai suke gyara hanya, kuma mummunar hanya ita ma haraji ce, ana biyanta da taya da sifirin da ɓata lokaci. Matsalar ita ce yarda. An ce kuɗin tallafi zai koma ayyuka, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun 2023, mutane na jiran su gani a ƙasa. A fara nuna inda wancan ya shiga kafin a nemi sabo.

Haka ma harajin kashi 15 a kan fetur da gas da ake shigowa da su, wanda aka amince da shi a Oktoban 2025 sannan aka jingine a Nuwamba. Manufarsa kare matatun gida, amma idan aka tsadar da man waje, me zai hana na gida ya bi shi sama? A nan ne maganar haraji ke da ma'ana a Najeriya: ba a rage wanda babu ba, a hana sabo shigowa. Sai kuma kuɗaɗen tasha da dillalai suka daɗe suna kukan ana cajinsu da dala, ko da man daga gaɓar Najeriya zuwa gaɓar Najeriya aka ɗauko shi. Mayar da su naira abu ne da ke hannun gwamnati.

Me ya sa fetur ya fi tsada a Maiduguri da Sakkwato a kan Legas? Da can ai farashi ɗaya ne. Kuma mun ji Nijar ta rage nata.
*Ɗan kasuwa, Illela*

Da can akwai asusun PEF, wanda ke biyan dillalai kuɗin dako domin farashi ya zo ɗaya a ko'ina, aƙalla a takarda. Da aka saki kasuwa, dakon ya dawo kan mai saye. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, tanka za ta je ta dawo wayam. Babbar mota mai kaya kan sha kusan lita ɗaya ta gas a duk kilomita biyu zuwa uku, wato wajen lita 800 zuwa da dawowa. A naira 1,000 kan lita, naira 800,000 ke nan. Raba ta a kan lita 45,000 da tankar ta ɗauko, kusan naira 18 a kowace lita, gas kaɗai. Ƙara kuɗin direba da yaran mota, taya, kuɗin ƙungiya, na shingaye, da kwanakin da motar ke yi a layin lodi. Shi ya sa tsadar gas ke shiga cikin farashin fetur, da na tumatir da siminti ma. Bututun da aka shimfiɗa domin kai mai defo-defon Arewa da matatar Kaduna mai ganga 110,000 a rana su ne ya kamata su ɗauke wannan nauyi, kuma sun daɗe ba sa aiki.

Nijar kuwa gwamnati ce ke yanka farashi. A Yulin 2024 ta sauko da fetur daga sefa 540 zuwa 499, gas daga 668 zuwa 618. Sai dai matatar SORAZ ta Damagaram ganga 20,000 take tacewa a rana, kuma shekara da shekaru man sumoga daga Najeriya ne ke cike giɓin. Da tallafi ya tafi a nan, wannan hanya ta tsuke, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta fi ƙarfin matatar. A watan Maris na 2025 aka shiga dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. Kai da ke bakin iyaka ka fi mu sanin yadda jarka ke bin inda farashi ya fi tsoka.

Ina noman rani da injin ban-ruwa mai inci uku. Kuɗin fetur na neman cinye ribar. Me zan yi da ke hannuna?
*Manomi, Kadawa*

Malam, irin wannan inji idan lafiyarsa ƙalau kan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Fara da auna naka: cika tanki, yi aikin awa biyu, sake cikawa da gorar da ka san awonta. Idan ya wuce haka sosai, akwai inda yake zubarwa.

Wurin farko shi ne matatar iska. Ƙurar hunturu na toshe soson, iska ta ragu, inji ya riƙa shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi. Wanke shi da ruwan sabulu duk mako, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Sai fulogi: idan bakinsa ya yi baƙi da toka, kaburetan na ba da mai da yawa, ko an manta cok a rufe. Tazarar bakin fulogi kusan milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Baƙin mai kuma a canza shi kamar duk awa 50 a lokacin ƙura.

Babbar asara dai a tiyon zuƙo ruwa take. Ƙaramar huda ko sakakken ɗauri na sa ya riƙa zuƙar iska, inji na ta ruri, ruwa na fitowa rabi. Duba robar mahaɗi, ɗaure da kilif, ba da tsumma ba. Kusanto da injin bakin ruwa gwargwadon iko, domin turawa ta fi masa sauƙi a kan zuƙowa, kuma da zurfin ya doshi mita bakwai ruwan da yake bayarwa kan ragu ƙwarai. Kada a sa wa inji mai inci uku tiyo mai inci biyu, kada a bar tiyo ya lanƙwashe. Ba sai an buɗe wuta ƙarshe ba, kashi uku cikin huɗu kan ba da ruwa mai kyau da ƙarancin mai. A yi ban-ruwa da sassafe ko yamma, lokacin da rana ba ta ƙafar da shi.

Manoma da dama a Kano da Jigawa sun mayar da injinansu kan gas ɗin girki ta hanyar sauya kabureta. Yana aiki, amma kwatanta farashin kilo da na lita a garinku kafin ka kashe kuɗi, domin gas ɗin ma hawa yake yana sauka. In za ka yi, sa regileta da tiyon gas na ainihi, tukunya ta tsaya a miƙe cikin inuwa nesa da salansa, sannan ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa kafin ka tayar. Inda ka ga kumfa na tashi, nan yake yoyo, kada ka kunna sai an gyara.