Amsa kan feshi a gonar geron da ya riga ya tsiro

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Malam, na ji tambayarka. Ka ce geronka kwanansa goma da fitowa, ciyawa ta taso tare da shi, ko za ka iya yin feshin maganin ciyawa ka huta da noma. To, ni dai gaskiya ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Ka ga, gero shi ma ɗan dangin ciyawa ne. Maganin da zai kashe harkiya da gude-gude da ƙarangiya, yawanci ba zai bar geron ba. Glyphosate kam kada ma ka kusanto da shi, wannan na kafin shuka ne. Atrazine an fi fesa shi da zarar an yi shuka, ƙasa da laima, kafin tsiro, kuma in ka haɗa geron da wake a gonar zai ƙone maka waken. Shi 2,4-D masu faɗin ganye kaɗai yake kashewa.

Saboda haka ɗauki fartanya. Noman firi tsakanin sati 2 zuwa 3 da shuka, kada ya wuce haka. A wannan lokacin gero ba ya sauri, ciyawa ta fi shi, in ta rufe shi za ka ga ya yi ɗorawa ya sirance, ko ka zuba taki daga baya ba zai yi 'ya'ya yadda ya kamata ba. A nan ne za ka rage tsiron, ka bar biyu ko uku a rami. Ka yi noman da rana a buɗe, don in ruwa ya biyo baya ciyawar sake kamawa take yi. Sai maimai wajen sati 5 zuwa 6. Daga nan geron da kansa zai yi mata inuwa.

Eh, sai ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta. Wannan a saiwa yake tsotsar geron tun shi ƙudujin bai fito sama ba. Ka tuge shi da hannu kafin furen nan nasa ya zuba iri, ka fitar da shi daga gonar ka ƙone. Tushe ɗaya dubban iri yake zubarwa, kuma irin yana kwana a ƙasa fiye da shekara 10. In ya yi yawa, baɗi ka sa gyaɗa ko waken suya a wurin, ka ƙara takin gargajiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.