Wace manhaja ce ta dace da lissafin shago?

Dan uwa ka ce kana da shagon atamfa a Kwari da yara biyu, kana tambayar wace manhajar lissafi za ka dora. To ni dai shawarata kar ka fara da suna, ka fara duba yadda cinikinka yake tafiya, domin mu nan rabin ciniki bashi ne, wani ya dauki dila ya bada rabi ya ce sai ya dawo daga kauye, wani ya yi taransfa, wani POS, in manhaja ba za ta nuna maka wa kake bi da nawa ya rage ba wallahi bata da amfani ko kyauta ce.

Manhajojin QuickBooks Online da Zoho Books duk suna wannan, suna fitar da rasit, suna lissafa harajin VAT na 7.5%. Amma na intanet ne, kuma ka san yadda netwok yake yi cikin kasuwa in an cika. Ka tambaya ma da naira ake biya ko da dala, kudin wata-wata ne fa.

Sannan yaran shago, kowa a ba shi nasa lambar sirri, kar ya iya goge ciniki bayan ya shigar. Wannan ya fi komai.

In kayanka basu da yawa Excel ma ya isheka. Ka gwada ta kyauta tukuna, littafinka kuma kar ka ajiye shi sai lissafin biyun ya zo daya.