Maganin da Aka Zubar Yana Iya Komawa Rijiya?

Tambaya: Malama, a gidan hayarmu na Agege rijiya da sokawe (ramin da ruwan masai ke taruwa) kusan jingine suke da juna. Na saba zuba ragowar maganin yara a masai. Maƙwabciyata ta ce yana iya dawowa cikin ruwan shanmu. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: 'Yar'uwa, maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Ko maganin da aka sha ma ba duka jiki ke narkarwa ba, wani kason da fitsari yake fita, balle wanda aka tuttula kai tsaye. Sokawe kuwa tacewa yake yi cikin ƙasa. A Legas ruwan ƙasa na kusa, yashi ya yi yawa, da damina kuma ruwan sama ke tura ƙazantar zuwa rijiyoyi. Wasu magunguna suna lalacewa a hanya, amma irin carbamazepine na farfaɗiya yana daɗewa bai ruɓe ba.

Adadin maganin da ke isa rijiya kaɗan ne ƙwarai, ba zai kwantar da ke yau ba. Abin da ya fi damuna shi ne antibayotik: idan ƙwayoyin cuta suka saba da ɗan ɓurɓushinsa, wata rana a ba yaro amoxicillin, maganin ya ƙi aiki.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire magani. Matatar gawayi ta musamman ce ke rage shi. Ki daina zubawa a masai, ki tambayi mai kemis ko zai karɓi ragowar. Ku kuma haɗu ku samu mai gida, don ana so rijiya ta yi nisan mita 30 da masai.