Abokin wasana ya daɗe yana tunani, ni aka hukunta

Tambaya: Ranka ya daɗe, a wata gasar birij (wasan karta na mutum huɗu, biyu-biyu, inda ake fara da tayin yawan zagayen da za a ci) ta intanet muka taya 4♥, abokan karawa suka ɗora 4♠. Abokin wasana ya yi tsit kusan minti guda, sannan ya yi fas, wato ya wuce bai taya ba. Ni kuma na taya 5♥, muka faɗi da ɗaya, wato zagaye ɗaya ya rage mu cika tayin, wanda ya fi mana alheri domin 4♠ ɗinsu tana ci. Suka kira darakta, wato alƙalin gasar, ya soke sakamakon ya mayar da shi 4♠. Tun ranar na kasa sakewa, gani nake ana mana kallon macuta. Shin tunani laifi ne? Kuma a intanet wa zai rantse cewa ba layi ne ya tsaya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Gyaran sakamako ba tuhumar cuta ba ce, darakta bai ce kun haɗa baki ba. Tunani kuma halal ne, babu inda dokokin birij na 2017 suka hana mutum tsayawa ya auna hannunsa. Abokinka bai yi laifi ba. Matsalar daga kujerarka ta taso, kuma da ni ne daraktan, hukuncin da zan yanke ke nan, muddin fas abu ne da sa'o'inka za su iya yi da wannan hannun.

Ga yadda abin yake. Doka ta 16 ta ce duk bayanin da ya zo maka daga abokin wasa ba ta hanyar tayi ko katin da ya jefa ba, haramun ne ka gina shawara a kansa. Jinkiri na cikin wannan. Wanda hannunsa fanko ne ba ya ɓata minti guda a kan 4♠, fas yake yi ya wuce. Shirun abokinka ya gaya maka cewa yana da abin da ya kusa sa shi ya taya ko ya yi dobul, wato ya ƙalubalanci tayin abokan karawa. Da ka ji wannan, doka ta 73C ta ɗora maka nauyin kauce wa cin moriyarsa. Abin da darakta zai yi shi ne ya ba 'yan wasa masu ƙarfi irin naka hannunka, ba tare da ya ambaci jinkirin ba, ya tambaye su me za su yi. Idan da yawansu suka yi tunanin fas, wasu har suka zaɓe shi, to za a soke 5♥ ɗinka, ko da kuwa ka rantse da ma ita za ka taya. Kowa haka yake cewa, kuma yawanci da gaske yake, shi ya sa ba a auna niyya.

Sai maganar layi, wadda kunnena ya gaji da ji. Akwai masu yawo suna koya wa sababbin 'yan wasa cewa wai a intanet babu hukuncin jinkiri, tunda ba a ganin fuska kuma layi na iya yankewa. Wannan fatawar banza ce, kuma ta jawo wa mutanen kirki zargin da ba su cancanta ba. Dokokin da ake bi a teburin katako su ne ake bi a shafukan birij na intanet irin su BBO da RealBridge. Gaskiya ne layi yana tsayawa, ana buga ƙofa, waya na mutuwa. Amma ka lura da inda wannan layin yake zaɓar tsayawa. Bai tsaya ba lokacin da aka buɗe 1♥ aka amsa 2♥. Sai da aka kai mataki na biyar, inda shawara ke da wuya, sannan ya tsaya. Darakta ba yaro ba ne, yana iya duba tarihin teburin ya ga yadda mutum ya saba bugawa da inda ya canza. Kuma ko da layin ne da gaske, kai da kake zaune ba ka san haka ba a lokacin. Abin da ka gani jinkiri ne, zuciyarka ta fassara shi da tunani, hannunka ya bi fassarar. Idan layinka ya yanke, ka rubuta wa teburin duka nan take, kafin abokinka ya yi tayi. Uzurin da aka kawo bayan an ga sakamako ba shi da nauyi.

Wannan fatawa tana da ƙanwa, wai idan abokinka ya yi jinkiri dole ka yi fas. Ita ma ƙarya ce. Idan hannunka ya isa 5♥ ta yadda babu mai hankalin da zai yi shiru, taya abinka. Wani lokaci ma fas ɗin ne jinkirin yake nunawa, kamar wanda ya daɗe kafin ya yi tayin gayyata mai rauni (tayin da ke kiran abokinsa ya ƙara sama in hannunsa ya isa), a nan fas ne zai jawo maka darakta.

Mafi muni su ne masu jinkirin ƙarya. Mai kwantiragi, wato wanda ke buga tayin da ya yi nasara, ya jefo J yana neman Q, kai kana riƙe da ƙaramin kati guda ɗaya tak na wannan nau'in, ka zauna kana ƙirga daƙiƙu don ya zaci tana wurinka, in an yi magana ka ce layi ne. Doka ta 73 ta hana yaudara da saurin wasa ko jinkirinsa, kuma idan babu dalilin birij a tsayawarka za a gyara sakamako. Tun shekarar 2020, da annobar korona ta kora kowa intanet har wasu manyan 'yan wasa suka amsa cewa suna leƙen hannaye ta wani asusun, masu shirya gasa ba sa wasa da irin wannan.

Game da jan lokaci gaba ɗaya, wannan wani babi ne. Yawancin gasa suna ba da wajen minti 7 ga kowane rabo. Doka ta 90 ta ba darakta ikon cin tarar mai nawa fiye da kima, kuma rabon da bai samu bugawa ba ana iya ba mai laifi kashi 40 cikin 100, marar laifi 60. Lokacinka ka kashe shi a inda ya dace: da an buɗe dami, wato katunan abokin mai kwantiragi da ake bajewa a teburi, tsaya ka tsara wasan duka, ko kai ne mai kwantiragi ko mai tsaron da zai jefa kati na uku, wannan tsayawar ba ta faɗa wa kowa komai. Bayan tayin tsalle, wato wanda ya tsallake mataki, ka saba da dakatawa kamar daƙiƙa 10 kullum, da hannu mai kyau da marar kyau. Idan sauran katin duk naka ne, baje su ka faɗi yadda za ka buga, kada ka riƙa jefawa ɗaya-ɗaya.

Idan kuma abokan karawa ne ke ja, bar cika musu allo da alamar tambaya. Kira darakta tun agogo bai cinye ba, ka gaya masa kujerar da ta tsaya da kuma a kan wane tayi.