Tambaya da Amsa: Wasa a Kan Tudu, Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Shan Wuya?

Tambaya: Masu sharhin wasanni kan ce "babu iska" a filayen da ke kan tsaunuka. In haka ne, yaya aka yi aka kafa tarihi da yawa a gasar Olamfik ta Meziko a 1968? Daga wani mai bibiyar tsere.

Amsa: Malam, iska tana nan daram, kuma kason oksijin da ke cikinta 21 ne cikin 100, ko a bakin teku ko a ƙololuwar dutse. Abin da ke raguwa shi ne matsinta. Birnin Meziko yana kan tudu mai mita 2,240, matsin iska a can ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan kan haifar da abu biyu masu karo da juna. Na farko, kowane numfashi yana kai wa jini oksijin kaɗan. Na biyu, iskar ta yi shara-shara, ba ta tare jikin mai gudu kamar yadda take yi a ƙasa.

Mai tseren mita 100 da ƙarfin da ke ajiye cikin tsokarsa yake aiki, kafin jiki ya nemi oksijin ya riga ya tsallake layi. Shi riba kawai yake ci. Shi ya sa Jim Hines ya yi daƙiƙa 9.95, Lee Evans ya yi mita 400 a 43.86, Bob Beamon kuma ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ƙarin santimita 55 a kan tarihin da ya tarar. Ba tudu kaɗai ya ɗaga Beamon ba, akwai iskar baya mai mita 2.0 a daƙiƙa, wadda ita ce iyakar da doka ta amince da ita. Sai 1991 Mike Powell ya wuce shi.

A mita 800 riba da asara kusan kunnen doki suke yi. Daga nan zuwa sama kuwa, huhu ne ke magana. Naftali Temu na Kenya ya ci mita 10,000 a minti 29 da daƙiƙa 27, alhali tarihin duniya na Ron Clarke minti 27 ne da daƙiƙa 39. Shi Clarke ɗin na shida ya zo, ya yanke jiki ya faɗi a bakin layi, sai da aka sa masa oksijin. A lissafin masana, ƙwararren ɗan gudu kan rasa kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na iyakar oksijin da jikinsa ke iya sarrafawa a kowace mita 1,000 da ya hau.

Masu tseren keke su ne a tsakiya: huhu na shan wuya, amma babban abokin gabarsu iska ce, don haka Eddy Merckx ya zaɓi Meziko a 1972 ya kafa tarihin awa ɗaya da kilomita 49.431.

Tambaya: Da gaske ne filin La Paz ne ke cin wasa ba 'yan wasan Bolibiya ba? Daga wani mai tsaron gida.

Amsa: Ɗan'uwa, fili ba ya cin ƙwallo, amma yana taimakawa ƙwarai. Filin Hernando Siles na birnin La Paz ya haura mita 3,600. A can Bolibiya ta doke Barazil da ci 2 da nema a 1993, karon farko da Barazil ta faɗi a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya, a can kuma ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a 2009. FIFA ta taɓa hana wasannin ƙasa da ƙasa sama da mita 2,500 a 2007, ƙasashen yankin suka yi ca a kanta, ta janye a 2008.

Baƙo zai iya zura gudu na farko lafiya lau. Matsalar ita ce dawowa hayyaci: wanda a gida daƙiƙa talatin ta ishe shi, a can za ka gan shi dafe da gwiwoyi yana haki ana cikin wani harin. Mai dabara kan rage matsa wa abokan hamayya a gaba, ya riƙe ƙwallo a ƙafa, ya yi canji da wuri.

Kai da kake tsaron raga, abin lura shi ne ƙwallon kanta. Tana zuwa da sauri fiye da yadda idonka ya saba, ba ta lanƙwasa sosai, kuma doguwar ƙwallo kan sauka bayan inda ka yi zato. Ka nemi a yi ta buga maka daga nesa da bugun kusurwa kafin wasa. Wannan dalilin ne ya sa a wasan tanis aka ware ƙwallo ta musamman ga filayen da suka wuce mita 1,219.

Batun isowa, hanya biyu ce: ko a zo da mako biyu jiki ya saba, ko a kwana a ƙasa, kamar birnin Santa Cruz, a hau jirgi ranar wasa a buga kafin ciwon kai da rashin barci su kankama. Mafi muni shi ne a iso ana saura kwana biyu ko uku.

Tambaya: Ina so in kai 'yan guduna sansanin atisaye a kan tudu. Yaya zan tsara shi? Daga wata mai horarwa.

Amsa: Malama, fara da gwajin jini, wata guda ko fiye kafin tafiya. Idan oksijin ya ragu, ƙoda kan saki sinadarin EPO, shi kuma ya umarci ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Ƙerawar tana cin sinadarin ƙarfe, wato ayon. Wanda ajiyarsa ta yi ƙasa, kuma an fi samun haka ga mata, zai je ya dawo da gajiya kawai. Likita ne zai rubuta adadin da za a sha.

Tsayin da ya fi dacewa mita 2,000 zuwa 2,500, irin na Iten a Kenya ko Adis Ababa. Ƙasa da haka jini ba ya motsawa sosai, sama da haka barci da cin abinci kan lalace. A zauna mako uku zuwa huɗu, domin jinin kan ƙaru ne da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace awa 100. Sansanin kwana bakwai ɓarnar kuɗi ne.

Makon farko a rage nisa da sauri, a tsawaita hutu tsakanin zagaye, a bi bugun zuciya a bar agogo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ji garau a rana ta biyu ya saki jiki, a rana ta biyar ya kwanta. A yawaita shan ruwa, saboda iskar busasshiya ce kuma fitsari kan ƙaru.

In akwai hali, a kwana a sama, a sauko wajen mita 1,200 don atisaye mai zafi. Binciken Levine da Stray-Gundersen na 1997 ya nuna wannan tsarin ya fi, domin wanda bai taɓa saukowa ba jininsa zai ƙaru amma ƙafarsa ta manta sauri. Kuma kada kowa ya sha maganin ciwon tudu mai suna acetazolamide da kansa, yana cikin jerin haramtattun magunguna na WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya.

Tambaya: Rukunin jinina AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, kuma muna roƙon ka ɗauke shi da muhimmanci. Ƙarancin oksijin da ƙishirwa da aiki mai tsanani kan iya lanƙwasa ƙwayoyin jini su toshe saifa. Haka ta faru da Ryan Clark, mai AS da ke buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, bayan wasa a Denver a 2007, a tsayin mita 1,600 kacal, har aka cire masa saifa. Masu AS da yawa suna wasa a tudu lafiya, amma ka ga likita kafin tafiya, ka hau a hankali, ka sanar da mai horar da kai. Da zarar ka ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ko tsoka ta yi lakwas ba dalili, tsaya nan take a kai ka asibiti. Haka duk wanda ke haki yana zaune, ko yake tangaɗi, ko maganarsa ta rikice: a sauko da shi ƙasa a lokacin, ko da tsakar dare ne.