Dodon Koɗi Zai Dawo Min da Ƙarfin Haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 53, ina noman rani kusa da Mai Wurno a jihar Sannar ta ƙasar Sudan. Shekara biyu da aurena na biyu, shiru babu rabo. An ce min naman dodon koɗi da yauƙinsa suna gyara maniyyin mai shekaru. Gaskiya ne? Yaya ake cinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo rabo mai albarka.

Maganar tana da tushe. Kamar yadda ƙarfe ke tsatsa, haka wasu sinadarai da jiki ke fitarwa suke cin fatar ƙwayar maniyyi, su rage mata gudu, su lalata ƙwayar gadon da ke cikinta. Shekaru na ƙara wannan ɓarna, haka taba da tumbak (garin tabar da ake sawa a baki) da ciwon suga. Jiki yana kare kansa da taimakon zinki da seleniyam da bitamin C da E. Naman babban dodon koɗi na tudu yana da furotin da ƙarfen jini da ɗan zinki da seleniyam, kitsensa kaɗan ne. Abinci ne mai kyau, amma ba magani ba. Ko ƙwayoyin magani na irin waɗannan sinadarai masu kare jiki, da aka gwada su a Amurka, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna sun ƙara haihuwa ba.

Zinki miligiram 11 namiji yake buƙata a rana, seleniyam maikrogiram 55. Agashe, hanta, kifi, ƙwai, wake da riɗin Gadarif za su ba ka wannan. Kuka da lemon tsami su ba ka bitamin C. Kada ka wuce miligiram 40 na zinki a rana, yana hana jiki shan sinadarin tagulla.

Idan za ka ci, a cire shi daga kwanso, a yar da hanjin, a cuɗa da gishiri da lemon tsami har yauƙin ya fita, a dafa ya nuna sarai. Ɗanye kuwa, ko shan yauƙinsa, don Allah kar ka kusanta: yana iya ɗauke da tsutsar da ke kumbura rufin ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wani dodon koɗin daban, ɗan ƙaramin nan da ke manne da ciyawa a hanyoyin ban-ruwa na Jazira da Sannar. A cikinsa tsutsar tsargiya take girma, ta fito ruwa, ta huda fatar mai ban-ruwa ko mai wanka. Ƙwayayenta ba mafitsara kaɗai suke zama ba, suna shiga jakar ruwan maniyyi da furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), su kawo kumburi da tabo. Ka lura: akwai jini a ɗigon fitsari na ƙarshe? Maniyyi ya taɓa fita da ja ko gudaji? Manomi yakan yi shekaru da ita yana cewa zafin rana ne. A gwada fitsarin da ka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwayayen sun fi fita. Maganinta farazikwantel ne, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyinka, bayan cin abinci.

Sannan a yi gwajin maniyyi, bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 shi ne aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, aƙalla kashi 42 cikin ɗari suna motsi. A duba suga da kumburin jijiyoyin maraina. Ka guji allurar testostaron da ake tallatawa don ƙarfin maza, tana tsayar da yin maniyyi.

Sabuwar ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta ƙosa, saboda haka a maimaita gwajin bayan wata uku. Ku je tare da amarya, ita ma a duba ta.