Kafin a sayi tikiti, ki ɗauko tef ki auna yaron

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki amma ina kan keke, ɗinkin biki ya sha min kai, sai yanzu na samu sararin zama. Ga waɗanda saƙon ya wuce su, cewa ta yi za ta kai yara wajen babansu a Faransa in an yi dogon hutu, ya yi musu alkawarin Disneyland, wato katafaren wurin wasannin nan, babbar shekararta 8 ƙaramin kuma 4, sai aka ce mata akwai lilon da ba a barin gajerun yara su hau. Shi ne take tambaya shekaru ake dubawa ko tsawo, kuma wai wata ta ba ta shawara ta saya masa kambas mai tudu ta cusa tsumma a ciki.

Tsawo ake dubawa. Shekaru a bakin get suka fi aiki, wajen kuɗin shiga, wanda bai kai shekara 3 ba kyauta ne, daga 3 zuwa 11 kuɗin yara. Amma da kin isa bakin lilo ba wanda zai ce ki kawo fasfo, sanda ce a tsaye da alama a jikinta, yaro ya tsaya, kansa ya taɓa ya wuce, bai taɓa ba sai haƙuri.

Zancen tsumma a takalmi kuwa don Allah ki bar shi. Ni na yi abin da ya fi wannan wauta kuma a nan Kumasi na yi shi. Wata ƙaramar Sallah ce, autana lokacin bai cika shekara 5 ba, muka kwashi yaran gida daga Aboabo muka je wani wuri da aka kafa kayan wasa na kwanakin Sallah. Akwai lilon nan mai kamar kwalekwale, wanda yake tafiya gaba ya dawo baya yana ƙara sama a hankali. Yaron da ke kula da shi ya dubi autana ya ce Hajiya wannan bai kai ba. Yayyensa duk sun shige, shi kuma ya zube a ƙasa yana birgima da sabon kaftani, mutane na kallo, sai zuciyar uwa ta ɗebe ni na ce ɗana ka yi haƙuri yau Sallah ce, ai ni zan zauna kusa da shi in riƙe shi, har na danƙa masa na koko. Ya bar mu muka hau.

To ƙarfen da ake saukewa a kan cinya guda ɗaya ne ga duk layin kujerar. Ku da kuka san ni kun san ba ƙaramar mace ba ce, da aka sauke ƙarfen a kan tumbina ya tsaya ya kulle. Ni ya matse ni, shi kuwa tsakanin ƙarfen da cinyarsa akwai fili fiye da tafin hannuna, ƙafarsa ma ba ta taɓa ƙasa, tana reto. Zuwa uku na farko dariya yake. Da abin ya kai can sama ya tsaya cak na ɗan lokacin nan kafin ya dawo, wallahi da idona na ga mazaunansa sun bar kujera, ya fara zamewa ta ƙarƙashin ƙarfen. Wuyan kaftanin na damƙa da hannu ɗaya, ɗayan hannun ina riƙe da kaina, ina ta salati ina ihu a tsayar, kiɗa kuwa ya cika wurin ba mai ji na. Da muka sauka wuyan rigar ya yage har kafaɗa, ni na ɗinka ta da hannuna kuma na san ba ɗinkin wasa na yi mata ba. Ƙafata ta ƙi ɗaukata sai da na zauna a kan wani dutse. Shi gogan cewa ya yi a sake. Babansa sai bayan wata biyu ya ji labarin, shi ma a bakin yara.

Laifina ne, yaron can ya faɗa min gaskiya na ƙi ji.

Ni tela ce, don haka da ido na ɗinki na fahimci abin daga baya. Kujerar lilo da ƙarfenta an yi su ne a kan awo kamar yadda ake yanka riga. Kamfanin da ya ƙera abin shi yake sa iyakar, ba mai tsaron ƙofa ba, ya riga ya lissafa ƙaramin jikin da ƙarfen zai iya kamawa. Ƙarfen cinya aikinsa ya danne cinya da ƙugu, in yaro ya yi ƙanƙanta sai ya tashi a saitin ciki ko ƙirji, ko ya bar fili irin wanda na gani. Wanda ake saukowa ta kafaɗa kuma, in yaro gajere ne kansa ne yake shiga tsakanin ƙarafan maimakon kafaɗarsa, duk girgizar da aka yi kunnensa ne zai sha. Ga shi kan yaro babba ne in aka gwada da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, lanƙwasa ɗaya da gudu sai ki ga kan yana lilo shi kaɗai. Yanzu ki gaya min tsumman cikin takalmi me zai ƙara a nan? Yaron zaune zai yi, tudun takalmi ba ya ƙara tsawon baya ba ya ƙara kaurin cinya. Sandar awon kawai kika yaudara.

Kuma ba gajarta kaɗai ba. A 2022 a garin Orlando na Amurka wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga lilon nan mai hawa sama ya saki mutane ƙasa, ya rasu, shi girma ya yi wa kujerar yawa, nauyinsa ya wuce abin da masu ƙera ta suka yarda, ƙarfen bai rufe yadda ya kamata ba. Shi ya sa ni kaina yanzu akwai waɗanda nake kallo in ce a'a ku je ina nan ina riƙe muku jaka.

Wurin da za ku na je sau ɗaya, ƙanina da ke can ne ya kai mu da yaransa. Yana gabas da birnin Paris, jirgin ƙasa yana kai mutum har bakin ƙofa, tun 1992 aka buɗe shi. Abin da zan fara gaya miki don hankalinki ya kwanta, yawancin abubuwan da ɗan shekara 4 zai so ba su da iyakar tsawo sam. Dawakan nan masu zagayawa, giwaye masu tashi, kofunan shayi masu juyawa, kwalekwalen da ke ratsa cikin 'yan tsana suna waƙa, duk ba a duba tsawo. Ga faretin da ake yi a titi. Masu iyaka su ne masu gudu. Big Thunder Mountain, jirgin ƙasan da ke zagaya dutse, santimita 102. Crush's Coaster 107. Hyperspace Mountain 120, shi a cikin duhu yake har da juya mutum kai ƙasa. Na Indiana Jones shi ne mafi tsanani, 140. Kafin tafiya ki sa babansu ya sake dubawa a shafinsu na intanet don akan gyara lambobin wani lokaci.

Yanzu ki gwada da yaranki. Ɗan shekara 4 a tsaka-tsaki yana wajen santimita 102 zuwa 103, kin ga ke nan ɗanki a daidai bakin layi yake, ko dai ya haye da kyar ko ya rasa da kaurin yatsa. Ɗan shekara 7 ma wajen 122 yake, don haka babbar mai 8 da wuya 120 ta gagare ta, amma 140 sai wajen shekara 10 zuwa 11 yawanci, ki fara gaya mata tun yanzu. Kuma kada ki dogara da shekaru, a gidanmu akwai 'yan shekara ɗaya da tsiran kusan rabin taƙi a tsakaninsu. Kada kuma ki dogara da littafin awo na asibiti, lambar da ke ciki ta bara ce, yaro a wannan shekarun yana ƙara santimita 6 zuwa 7 a shekara.

Ki auna shi da kanki. Ki tsayar da shi a jikin bango a kan siminti ba kan katifa ko tabarma ba, dugadugai su taɓa bango, ya kalli gaba kada ya ɗaga haɓa, ki ɗora littafi a kansa a kwance ki ja layi da fensir, sannan ki sa tef daga ƙasa. Tef ɗinmu na teloli gefe ɗaya inci ne ɗaya gefen santimita, ki lura da wanda kike karantawa, inci 1 santimita 2.54 ne, wato 102 ɗin nan inci 40 ke nan, 120 kuma inci 47 da ɗan ɗoriya. In tef ɗin tsoho ne ya saki, ki ari na kafinta. Ki auna shi da takalmin da zai sa ranar, takalmi na yau da kullum, da shi suke awo ba sa cewa a cire. Hula kuwa za su ce a cire, kuma tulin kitso ko gashin da aka tattara sama ba ya shiga lissafi, kai suke nema.

Wata dabara wadda ba ha'inci a cikinta, mutum ya fi tsawo da safe, zuwa yamma ƙashin baya ya ɗan zauna ana iya rasa kusan santimita 1. In yana bakin layi ku fara da wanda yake ƙwallafa rai a kai da sassafe kafin ya gaji ya fara ranƙwafawa. Ku koya masa tsayuwa a gida ma, don yara da yawa in sun ga sandar sai su sunkuyar da kai suna tsoron kada ta buge su. Ɗan ƙanina haka ya yi, aka ce bai kai ba, uwarsa ta ce miƙe sosai kamar soja, ya miƙe, duk da haka saura kaɗan, matar da ke wurin ta yi ta murmushi tana ba shi haƙuri amma ko gezau. Ni da halin namu na nan har na buɗe baki zan fara roƙo, ƙanina ya taka min ƙafa. Can ba a san na koko ba, kuma ana iya sake auna yaro a ciki dab da hawa, kin ga in ma ya tsallake na farko da dabara sai ku yi awa guda a layi a dawo da ku, kukan ya fi na farko.

Akwai tsarin da suke da shi na iyaye masu ƙaramin yaro, ku tambaya a bakin layin. Babansu ya shiga da babbar ke ki tsaya da ƙaramin, in sun fito ke ki shiga ba sai kin sake bin dogon layi ba. Mu lokacin da ake wannan sai na ja yaron muka je ya sha askirim muka kalli agwagi, kafin su fito ya manta. Abin da ya fi taimako dai shi ne kada a yi masa alkawarin abin da ba a auna ba. Ku zauna da waya ku nuna masa hotuna, wannan naka ne, wannan sai ka ƙara girma, ki bar layin fensir ɗin a bango ya riƙa zuwa yana gwadawa.

Ko ya kai ma ki dubi yaronki. Kai wa sanda daban, iya zama daban. Akwai yaron da in ya tsorata zai nemi miƙewa ko zare hannu ana cikin gudu, kuma in abin ya tsaya a sama, mu da muka saba da ɗauke wuta mun san yadda ake yi, dole ya zauna shiru har a zo a sauko da su. Ta biyuna ta wuce awon komai amma ko lilon makaranta ba ta so, ban taɓa tilasta mata ba.

Ke ma kanki, in za ki hau mai gudu kada ki sa dogon hijabi mai jan ƙasa ko mayafi sake, ki sa ƙarami ki cusa bakinsa cikin riga ki kama da fil mai kulle, nawa iska ta naɗe min shi a fuska ban ga komai ba har aka gama. In ba ki da tef ki biyo da shi shago in kin shigo kasuwa in auna miki shi, ko ki auna yau da safe ki turo lambar nan mu ga inda ya tsaya.